Rabin Inci

Ranar Litinin

Zuwa ga aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka. Yaya uwargida, yaya yara da jikoki, yaya kuma wannan kunnen naka da guduma ta cinye? Da yana aiki da na kira ka a waya mun gama magana cikin minti biyu. Amma na gaji da ihu, ina ce maka taya kana tambayata wace Yaya. Shi ya sa na koma takarda.

Mu nan lafiya lau, in ban da keken Malama. Ka san shi sarai, tare muka haɗa shi a rumfar marigayi maigidanmu shekarar da na aure ta, kai kana riƙe ƙarfe ni ina ɗaurewa, kana ta tsokanata wai ban taɓa ganin ango da baƙin mai a goshi ba. Ƙafa biyu a baya, ɗaya a gaba, da hannun murzawa daidai ƙirjinta. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana kai ta makaranta, mil biyu zuwa mil biyu dawowa, kuma a kansa take shiga aji har gaban allo. Ka san halinta. Tun da shan inna ya taɓa ƙafafunta tana yarinya take rarrafe a cikin gida ba ta damu ba, amma ta yi rantsuwa ɗalibi ba zai taɓa ganin ta a ƙasa ba.

Ranar da aka ba da hutu tayar baya ta dama ta fashe mata a hanya. Ta hagun ma faci ne a kan faci, babu sauran wurin da gam zai kama. Na ɗinke, na cusa guntun tsohuwar taya a ciki, duk wata dabara da maigida ya koya mana na yi. Robar ce ta mutu, tana marmashewa a hannu.

Na zaga shagunan garin nan kaf. Ko'ina na shiga sai a tambaye ni wai lamba nawa, ɗari bakwai ko ɗari shida da hamsin. Na ce ni inci ashirin da takwas mai faɗin ɗaya da rabi na sani. Wani mai shago ya tuntsire da dariya, ya ce Baba wannan ai sai dai gidan tarihi. Na ce masa lokacin da nake ɗaura irin ta uwarsa ba ta fara tallar komai ba, na fito raina a ɓace.

Wallahi Dogo, ban san ranar da aka taru aka sauya wa duniya ma'auni ba a gayyace mu ba. Mai ya koma lita, nama ya koma kilo. Allon bakin hanyarmu ya ce kilomita uku da ɗoriya zuwa makaranta, alhali cinyata ta san mil biyu ne cif. Sifanonina na inci suna nan rataye a bango, kowanne a ƙusarsa, amma notin kekunan yanzu ba ya jin yarensu, ko sifanar ta ƙi shiga ko ta zame ta cinye kan notin. Su masu sababbin shaguna suna ta aiki, karen bana ke maganin zomon bana. Ni kuwa sai tsofaffi irina masu tsofaffin kekuna, kuma kullum raguwa suke. Abin haushin ma, santimitar nan ita Malama ke koya wa 'yan aji huɗu. Takan ce duk tsawon aikinta daƙiƙin ɗalibi ɗaya ne ya gagare ta, kuma da shi take cin abincin rana.

To ga roƙona. Ku can garinku babba ne, jiragen ruwa na sauke kaya, ba za a rasa ba. Ka nemo mini taya biyu, ashirin da takwas, irin tamu ta da, ka ba direban da ke kawo kaya nan ranar Juma'a. Saura sati uku a koma makaranta, kuma tun yanzu ta fara jera littattafan darasi a kan tabarma tana gyara su.

Malama tana gaishe ka, ta ce a gaida uwargida da kyau. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Gajere

Ranar Lahadi

Aminina Dogo,

Ina gaishe ka gaisuwar godiya, da fatan ciwon bayan da ka ambata ya yi sauƙi. A duba mini uwargida da kowa da kowa.

Saƙo ya iso, ko da yake direban ya yi sati biyu yana yawo da shi a bayan mota. Ranar da ya kawo, Malama da kanta ta kwance ƙullin, tana shafa tayoyin tana shinshina ƙamshin sabuwar roba kamar an kawo mata turare. Har ta sa na sauko mata da kayan aikinta ta goge su.

Ba su shiga ba, Dogo.

Kada ka ji komai a ranka, ba laifinka ba ne, ni ma da haka zan saya. Ashirin da takwas ke rubuce a jikinsu ɓaro-ɓaro. Na fara tun bayan karin kumallo. Na shafa ruwan sabulu, na shanya su a rana su yi laushi, na sa ƙarfen ɓanɓare taya har uku, ɗaya ya lanƙwashe ya yanke ni a tafin hannu. Gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya tsaya a bakin rim, ƙarfen da taya ke hawa, ya ƙi gaba. Har la'asar ina abu ɗaya, ina zagin taya ina zagin wanda ya yi ta. Shekara arba'in ina wannan sana'a taya ba ta taɓa kunyata ni a gaban matata ba sai ranar.

Da ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta ce in miƙo mata sabuwar da tsohuwar. Ta juya su ta juya, ta gano wasu ƙananan lambobi a gefe waɗanda ban taɓa kula da su ba. Tsohuwar ɗari shida da talatin da biyar, sabuwar ɗari shida da ashirin da biyu. Ta ce milimita goma sha uku ne tsakaninsu. Na ce ta faɗa mini da yaren mutane. Ta ce rabin inci. Ashe ashirin da takwas iri biyu ne a duniya, suna ɗaya jiki daban, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya wa masu gyaran keke. Rabin inci fa, Dogo, rabin gaɓar babban yatsana.

An koma makaranta tun ranar Litinin. Shugabar makarantar mace ce mai kirki, ta aiko cewa za ta riƙe wa Malama ajinta sati uku, fiye da haka ba a hannunta yake ba, akwai na sama da ita. Wata sabuwar malama ce ke riƙon ƙwarya. Babur ba zai yiwu ba, ƙafafunta ba sa kama komai. Na aro kujerar marasa lafiya a wurin maƙwabcinmu na tura ta ranar Talata. Ƙananan ƙafafun gaban suka yi ta nutsewa a yashi, muka maƙale a bakin kwata har sai da mutum biyu suka taya ni ɗagawa. Mun isa an ci rabin darasi na biyu. Kujerar kuma ƙasa take, hannunta bai kai tsakiyar allo ba, sai da ta sa aka rubuta mata. Da muka dawo sai ta ce in mayar wa mai kujera kayansa in yi masa godiya.

Na yanke shawara. Tunda taya ta ƙi bin ƙafa, ƙafa za ta bi taya. Na samo rim biyu na zamani waɗanda tayoyinka suka hau lafiya lau. Matsalar ita ce ramin tsakiyarsu na milimita ne, tsohuwar sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya ba ta shiga. Dole a samo sabuwar sanda mai ƙarfi a yanka ta a fere bakinta. Aikin kwana biyu ne in an sami ƙarfen.

Ka ce wai rubutuna ya zama manya-manya kamar na allon talla. Biron ne ba shi da kyau, kuma kai da ba ka ji ai bai kamata ka sa ido a kan na wani ba.

Ka taya mu da addu'a. Malama na gaisuwa, ta ce kada ka damu, niyyarka ta isa.

Abokinka,
Gajere

Ranar Laraba

Dogo,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce, zuciyata ba ta da daɗi.

Kwana tara na yi ina neman ƙarfen. Duk wanda aka nuna mini sai in buga shi a ƙasa in ji ƙararsa, in san ba zai ɗauki mutum ba. Daga ƙarshe na samu guda ɗaya a wurin mai tsofaffin ƙarafa, an ciro shi daga wani inji, tsawonsa inci talatin, sumul babu tsatsa. Ya ce ba shi da wani irinsa kuma bai san ranar da zai samu ba. Na rungumo shi na kawo gida. Na auna tsakanin ƙafafun da tsohon katakon awona, wanda na yi wa tsaga da wuƙa a kan kowane inci. Ashirin da shida.

Da zan fita Malama ta ce in tsaya ta rubuta mini awon a takarda, inci da santimita duka biyu, don masu injin fere ƙarfe na yanzu ba su san inci ba. Ka san abin da na ce mata? Na ce mai alli ba zai koya wa mai sifana aikinsa ba, ta bari in ta koma aji ta yi wa yara. Na ga fuskarta ta canza, amma na fice. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi da hannuna.

Mai injin mutumin kirki ne, magidanci mai natsuwa, a makarantar koyon sana'a ya yi karatu. Na miƙa masa sandar na ce ya yanka a ashirin da shida, ya yi wa baki biyun haƙoran noti. Ya ɗauko takarda ya rubuta, ya ɗaga mini daidai fuskata, ya ce Baba haka kake nufi? Na ce haka ne. Ya sake tambaya, ya ce ka duba da kyau. Na ce ba yau na fara ba. Na tafi sallar azahar na dawo, ya miƙo mini wani guntu da bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, an fere shi tsaf, yana ƙyalli. Santimita ashirin da shida. Ya ɗauka gajerun sanduna nake so, kowace ƙafa da tata. Ragowar kuma ta gaza da inci shida, in aka yi walda aka haɗa, wata rana a tsakiyar titi za ta karye da ita a kai.

Na tara masa jama'a. Na ce masa duk abin da ya zo bakina. Bai rama ba, sai ya ɗauko takardar nan ya ba wani da ke tsaye ya karanta da ƙarfi. Lambar tana nan, da ƙananan haruffa biyu a gefenta masu nufin santimita. Kowa ya juyo yana kallona.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dogo, ban ga abin da ke takardar nan ba. Fari na gani da wani baƙi-baƙi a tsakiya. Shekara biyu ke nan idona yana tafiya. Gefe-gefe ya fara rufewa, yanzu tsakiyar ma hazo ne. Na je asibiti ni kaɗai bara, likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai zai yi, abin da ya tafi ya tafi. Kwalbar tana cikin akwatin kayan aikina ƙarƙashin tsumma. Da hannu nake aiki yanzu. In na taɓa noti na san ko rabin inci ne ko biyar bisa takwas, yatsuna sun haddace. Milimita kuwa sai da ido, layukanta sun fi gashin gira siranta. Duk masifar da ka ji ina yi wa santimita, rabinta tsoro ne.

Ban gaya wa Malama ba. Yaya zan gaya mata? Ni ne ƙafarta tun ranar da aka ɗaura mana aure. In ta san ƙafar ba ta ganin hanya, da me za ta kwana? Da na koma gida na ce mata mai injin ne ya yi shirme. Na ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba, Allah ya yafe mini. Ta riƙe guntun ƙarfen tana jujjuya shi, ta ce aikin dai ya yi kyau.

Saura kwana biyar wa'adin ya cika, kuma na koma wurin mai tsofaffin ƙarafa sau uku, babu. Ba na jin za a samu.

Don Allah in za ka ba ni amsa kada ka ambaci ido. Ita ke karanta mini takardunka, nakan ce hannuna da baƙin mai.

Naka,
Gajere

Ranar Alhamis

Zuwa ga aminina Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta uwargida da yara, na gode da takardarka. Ka cika alkawari, shafi biyu kana ta labarin awakinka. Malama ta yi dariya a wurin bunsurun da ya cinye maka hula. Ni na ji abin da ba ka rubuta ba, na gode.

Shugabar makarantar da kanta ta zo gida, washegarin cikar wa'adi. Ta zauna a bakin tabarma ta kasa haɗa ido da kowa. An tabbatar wa sabuwar malamar ajin, ita kuma Malama an rubuta mata ajiye aiki saboda rashin lafiya. Rashin lafiya, Dogo, macen da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta aji ba. Malama ta karanta takardar har ƙarshe, ta ninke ta, ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Sannan ta tattara littattafan darasin da ta yi hutun nan tana gyarawa ta ba ta, ta ce a kai wa sabuwar, a gaya mata akwai yara uku a layin baya da ba sa tambaya sai an je kusa da su. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan kwana goma sha ɗaya sai ga mai injin nan a ƙofar gida da sandar ƙarfe a kafaɗa. Shi ya yi ta nema har ya samo. Ya durƙusa ya auna da tef ɗinsa, ya tafi, ya dawo da yamma, muka ɗaura tare. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Baba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Keken ya tashi, kuma tun da muka haɗa shi bai taɓa tafiya sumul kamar yanzu ba. Tayoyinka sun zauna daram. Ta hau sau ɗaya, ta je ƙarshen layinmu, ta tsaya a inda hanya ta karkata zuwa makaranta, ta juyo. Ta ce ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Tun ranar yana jingine a tsakar gida na rufe shi da buhu. Kowace safiya nakan taɓa tayoyin in ƙara musu iska, ba don za a je ko'ina ba. Kada ka ƙara wahalar da kanka da neman komai, babu abin da ya rage a aiko.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini gori ba. Abin da take yi ya fi wannan ciwo. Har yanzu tana tashi ta yi wanka ta sa kayan aiki. Ƙarfe takwas daidai, lokacin da ake kaɗa ƙararrawa, sai ta kira ni, ta ce tunda an raba ta da ɗalibai arba'in za ta ji da ɗayan da ya rage. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko rularta ta roba, in zauna a gabanta kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce ba za ta mutu ta bar ni ban san santimita ba. Shago ko na buɗe ba mai zuwa da safe, don haka nake zama. Na haddace na baki, milimita goma ke yin santimita ɗaya, santimita biyu da rabi da ɗan ƙari ke yin inci. Wannan da sauƙi, kunne ne.

Yau ta ce an gama na baki, sai karatu. Ta ɗora rular a cinyata, ta sa tsinin fensir a kan wani layi, ta ce nawa ne nan. Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa robar. Babu komai, Dogo, wani haske ne kawai mai santsi. Na ce tara. Ina faɗa ina lallaba babban yatsana daga bakin rular zuwa fensirin, na ji gaɓa biyu ne ba su ma cika ba. Ko biyar bai kai ba.

Na ji numfashinta, na ji ta janye fensirin a hankali. Matar nan iyaye sun sha zuwa har gida suna roƙon ta ƙara wa 'ya'yansu maki ɗaya tak, ba ta taɓa yi ba, ko ɗan shugabar makaranta sai da ta kayar. Sai ta dafa hannuna, ta ce daidai ne, ka yi ƙoƙari.

Ta mayar da rular cikin jaka, ta ce gobe ƙarfe takwas kada in makara. Na ce to.

Ka gaida gida.

Gajere